CIWON HANTA IRI NA C: GARAR DA KE CIN MAJIYA ƘARFIN GANDU

A wannan fitowa mun ɗan ajiye maganar iri da taki da ɓarnar fari, za mu yi maganar mai riƙe da hauyar kansa. Akwai wata cuta da ta fi zama a jikin majiya ƙarfi, watau masu noma, masu zuwa cin rani, masu daka da jan ruwa. Likitoci na kiranta epatit C. Da Hausa sai mu ce ciwon hanta iri na C. Wanda wannan takarda ta zo hannunsa, ya daure ya karanta wa waɗanda ba su shiga yaƙi da jahilci ba tukuna, maza da mata, don maganar ta shafi kowane gida.

MINE NE WANNAN CIWO?

Kowa ya san hanta, ko da a gaban mahauci ya ganta. Aikinta a cikin mutum babba ne. Ita ke tace jini ta raba shi da dafi, ita ke ajiye ƙarfin abinci, ita ke yin ruwan madaciya mai narka mai. Wasu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira birus, su ke shiga su kama ta. Likitoci sun ba su sunaye da baƙaƙe: A, B, C, D da E.

Kada ku haɗa su wuri ɗaya. A da E ta ƙazamin ruwa da ƙazamin abinci su ke shiga, su ne su ka fi kawo shawarar da mu ka sani, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja. Irin E ɗin ce ta ɓarke a jihar Difa a 2017, ta kashe mata masu ciki da dama. B da C kuwa ta jini su ke bi. B tana da rigakafi, kuma tun 2008 yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a Nijar. C ba ta da rigakafi har yau, amma tana da maganin da ke warkar da ita sarai. Sai a 1989 masana su ka gano ƙwayarta. Kafin nan kakanninmu da iyayenmu suna mutuwa da ita ba a san sunanta ba.

Halinta halin gara ne. Kun san yadda gara ke cin dirkar rumbu ta ciki, waje na nan lafiya lau, sai ranar da iskar farkon damana ta taso rumbu ya kife da hatsi. Cikin mutum 10 da cutar ta shiga, kamar 8 ba sa jin komi da farko. Kamar 3 cikin 10 jikinsu ke korarta da kansa cikin wata 6. Sauran 7 sai ta zauna. Mutum na nomansa, yana aurensa, yana zuwa Abijan yana dawowa, ita kuwa tana ci sannu sannu. Cikin 100 da ta zauna wa, 15 zuwa 30 hantarsu za ta taurare kafin shekara 20 ta cika. A nan ne ciki ke kumbura da ruwa, ƙafafu su haye, mutum ya rame, wani ya yi aman jini, wani kuma abin ya zama ciwon daji. Da yawa cikinmu mun ga irin wannan rashin lafiya a garuruwanmu, an ce sammu ne, an ce an yi masa asiri don gona ko don mata. Ba kowane kumburin ciki ne ciwon hanta ba, amma da yawa shi ne, kuma an yi ta zargin maƙwabta a banza.

MUTUM NAWA KE ƊAUKE DA ITA?

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da lissafinta a 2024. Ta ce a shekarar 2022 mutum kamar miliyan 50 ke ɗauke da ciwon hanta iri na C a duniya, kamar miliyan 8 daga cikinsu a yankinmu na Afirka. Kowace shekara kamar mutum miliyan 1 ke sabon kamuwa. A 2022 ɗin ta kashe mutum 242,000. In aka haɗa B da C, mutum 3,500 ke mutuwa kowace rana ta Allah.

Ga wurin da ya sa mu ka kawo maganar cikin takardar manoma. Lissafin ya nuna rabin duk masu ɗauke da B da C ƴan shekara 30 zuwa 54 ne. Kuma cikin kowane 100, maza 58 ne, mata 42. Ku dubi gidanku da kyau. Wa ke tsakanin 30 da 54? Shi ne mai gandu ko ƙanensa. Shi ne wanda ke aiko da kuɗi daga kurmi in hatsi ya ƙare a watan bakwai. Ita ce uwargida mai ƴaƴa biyar, mai gayaunar kuɓewa da ƴan awaki. In yaro ya kwanta, gida na baƙin ciki. In tsoho ya kwanta, gida na jinya. In ɗan shekara 40 ya kwanta a tsakiyar noman fari, gona ce ke kwanciya, ciyawa ta cinye hatsi, a sayar da akuya, a sayar da saniya, a ƙare da cin bashi.

To, mu nan Nijar fa? An yi bincike a Yamai a 2008 kan masu ba da jini, mutum 3,000 da ƴan kai. An tarar kamar 15 cikin 100 na ɗauke da iri na B. Iri na C kuwa, an ga alamarta a jinin kamar 12 cikin 1,000, watau 1 da ɗan ɗori cikin 100. Ku lura da su wane ne masu ba da jini. Ba majinyata ba ne. Baligai ne masu jini a jika, da ƙafafunsu su ka zo, kowannensu na ganin lafiyarsa ƙalau har yana da jinin ba wani. Irinku ne.

Wani zai ce, haba malam, 1 cikin 100 ai ba komi ba ne. Bari mu auna da abin da mu ka sani. Ranar da kasuwar Filinge ko ta Balleyara ta cika, a ce baligai 1,000 ne a ciki. In mu ka ɗora lissafin Yamai a kansu, kamar mutum 12 cutar C ta taɓa shiga jininsu, kamar 150 kuma na da B. In aka ce maka cikin dammai 100 na rumbunka ɗaya na da wuta a ciki, ba ka san ko wanne ba ne, za ka yi barci? Kuma kada mu manta, masu ba da jini yawanci matasa ne. Ita kuwa wannan cuta taruwa ta ke yi da shekaru: kowace aska, kowace allura, kowane ƙaho da mutum ya sha a rayuwarsa wata ƙofa ce. Shi ya sa a ƙasashen Afirka da dama an fi samunta ga waɗanda su ka manyanta.

Gaskiya ita ce a ƙasarmu B ta fi C yawa nesa ba kusa ba. Ban kawo maganar C don in tsorata ku ba. Na kawo ta ne don ita ce wadda ake iya tumɓukewa daga jiki ɗungurungum, amma mafi yawan masu ita ba su sani ba. A duniya duka, cikin masu cutar 100, kamar 36 kaɗai aka auna aka gano, kamar 20 su ka samu magani. Wanda ke da ita bai sani ba yana cutuwa, kuma yana raba ta ga na kusa da shi ba da nufi ba.

ABIN DA YA SAMU MANOMAN MASAR

Ƙasar da wannan cuta ta fi yi wa ɓarna a duniya ƙasar manoma ce. Mutanen Masar suna noman rani a bakin kogin Nilu, ƙafa cikin ruwa kullum, kamar ƴan'uwanmu masu shinkafa a bakin kogin Kwara wajen Tilaberi. Saboda haka tsargiya ta yi musu yawa. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 gwamnatinsu ta yi ta yi wa mutanen karkara allurar tsargiya. Ana jera mutane layi, sirinjin gilashi ɗaya ya bi hannu bayan hannu ba a dafa shi sosai ba. Niyya mai kyau ce, kuma a lokacin ba wanda ya san da ƙwayar C. Da aka auna mutanen ƙasar a 2008, sai aka tarar kusan 15 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 59 cutar ta taɓa shigarsu, kamar 10 cikin 100 kuma tana nan zaune. Akwai ƙauyukan da abin ya fi haka.

Ba su tsaya kuka ba. Su ka fara yin maganin a cikin ƙasarsu da araha. A 2018 da 2019 su ka bi gari gari, kasuwa kasuwa, su ka auna mutum kusan miliyan 50, wanda aka samu da ita aka ba shi magani kyauta. A 2023 OMS ta shaida Masar ce ƙasa ta farko da ta kai babban matsayi a hanyar kawar da cutar, masu ita sun koma ƙasa da 1 cikin 100. Abu biyu na ke so ku riƙe daga wannan labari. Allura ɗaya ga mutane da yawa ta isa ta cuci ƙasa guda. Kuma cutar da ta kai 10 cikin 100 an iya karya ta, balle tamu. Tsargiya kuwa yanzu ƙwaya ake haɗiya, ba allura ba, kada wani ya guji maganinta saboda wannan labari.

TA INA TA KE SHIGO MANA?

Ta jini. Ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Kuma ƙwayar na iya yin kwanaki da rai cikin busasshen jini a bakin ƙarfe.

Mu fara da wanzami, tare da girmamawa, don sana'a ce ta gado kuma ba gidan da bai ci amfaninta ba. Aski da gyaran fuska, askin suna, cire beli, kaciya, tsaga, sakiya, ƙaho, duk aikin aska ne, duk da jini. Laifin ba na wanzami ba ne, na askar da ta taɓa mutum biyu ne. A ranar kasuwa aska ɗaya na iya bin kai 20. A kaciyar taro tana bin yara 10 a safiya ɗaya. Gogawa a tafin hannu ko a fata ko da tsumma ba ya kashe ƙwayar. Tsomawa a ruwan ƙoƙo ba ya kashe ta. Wucewa da ita ta bakin wuta sau ɗaya ma ba abin dogaro ba ne.

Ƙaho ya fi damuna, don na san yadda mu ke son sa. An gama noman fari da maimai, baya ya riƙe, sai a ce mataccen jini ne ya taru, a je a zauna gaban wanzami. Aska ta tsaga, ƙaho ya zuƙa, a zubar, a ɗora wa na gaba. Ga aska da jini, ga ƙaho da jini. Wanda ba zai iya barin ƙaho ba, to ya sayi sabuwar reza a takardarta, ya buɗe ta a gaban idonsa, ya kuma mallaki ƙahonsa na kansa ya ajiye a gida. Kuɗin reza bai kai na goro ba. Wanzamai da yawa yanzu da kansu su ke cewa a zo da reza, Allah ya saka musu. Kayan da ba a iya jefarwa, a wanke su da sabulu tukuna, sannan a tafasa su cikin tukunya a rufe minti 20 daga lokacin da ruwa ya fara tafasa. Haka masu yankan ƙumba da ke yawo a kasuwa da tasha da almakashi ɗaya. Haka ungozoma wajen yanke cibi, da mai hujin kunnen ƴan mata.

Sai allura. Mu mutanen karkara mun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Mutum ya je likita aka ba shi ƙwaya sai ya fito yana gunaguni, wai ba a yi masa komi ba. Wannan ra'ayi ne ke ciyar da masu allurar bayan fage, masu yawo da jaka a kasuwanni da ƙauyukan da ke nesa da likita. Ga yawancin cututtukanmu ƙwaya na yin aikin da allura ke yi. In dole sai allura, a yi ta a likita, ka ga an yage sabuwar leda, sirinji da tsinke duka, don canza tsinke a bar sirinji bai hana komi ba. Ku makiyaya na wajen Tukunus da Abala da Sanam, sirinjin dabba na dabba ne, kada a taɓa mutum da shi ko an wanke.

Masu cin rani, ku ma ku ji. A Yamai ko Kwatano ko Legas ko Abijan, samari 8 a ɗaki ɗaya, reza ɗaya, abin goge haƙori ɗaya wani lokaci. Zumunci ne, amma a yi shi a kwanon tuwo, kada a yi shi a reza.

Ƙarin jini kuma, yau ana auna jini kafin a sa wa mutum, ana neman B da C da sida a ciki, saboda haka kada mace mai haihuwa ko yaro mai masassara ya rasa jini don tsoro. Amma wanda aka ƙara wa jini shekaru da yawa da su ka wuce, kafin wannan awo ya yaɗu, ya kamata ya je a duba shi. Uwa na iya ba jariri, kamar 5 ko 6 cikin 100. Ta wajen kwanciyar aure kuwa C ba ta cika bi ba, B ce ta fi bin nan.

Cin tuwo a kwano ɗaya, shan fura da ludayi ɗaya, gaisawa, tari, zufa, cizon sauro, duk ba sa ba da ita. Nonon uwa ma ba ya ba da ita, sai dai in kan nono ya tsage yana jini, a nemi shawarar likita. Kada a ware wa mai ita kwano ko tabarma, kada a kori mace daga ɗakinta a kan wannan.

AWO DA MAGANI

Ba mai gane ta da ido, ko likita ne, sai da awon jini. Awon hawa biyu ne. Na farko ɗan jini kaɗan ake ɗiba, sakamako ba ya daɗewa, yana nuna ko cutar ta taɓa shiga jikinka. In ya nuna ta taɓa shiga, ba a nan magana ta ƙare ba, don kun tuna 3 cikin 10 jikinsu ya kore ta, alama ce kawai ta rage, kamar tabon miki. Awo na biyu shi ke nuna ko ƙwayar na nan da rai. Ka fara da likitar da ke kusa da kai ko asibitin gundumar Filinge, ka faɗi sunan cutar, ka ce kana son awon B da C tare. Su za su gaya maka in sai ka je Yamai don awo na biyu. Kada ka yarda a sayar maka da magani a kan awon farko kaɗai.

Maganin ƙwaya ce ake haɗiya kullum, yawanci mako 12, watau wata 3. Wanda hantarsa ta riga ta taurare yana iya kai mako 24. Fiye da 95 cikin 100 na warkewa. Lokacin da ƙwayar sofosbubir ta fito a Amurka a 2013, kuɗin maganin mutum ɗaya dalar Amurka 84,000 ne, fiye da miliyan 40 na sefa, kuɗin garken shanu. Daga baya Indiya da Masar su ka yi ta yin irinsa, har wasu ƙasashe matalauta su ka riƙa sayen na mutum ɗaya ƙasa da dalar Amurka 50, kamar jikka 30. Wannan farashin sari ne na gwamnatoci. Abin da mutum zai kashe da kansa, da awo da mota da masauki, ya fi haka, shi ya sa ya kamata a yi shiri. Ƙungiyoyin manoma da matan adashe na iya sa wannan cikin abin da asusunsu ke rantawa, yadda ake ranta wa mutum kuɗin taki.

Ranar 28 ga watan Yuli ce ranar ciwon hanta ta duniya, za ku ji ana maganarta a rediyo. Amma mun san a watan bakwai ba mai barin gona ya tafi awo. Lokacinmu shi ne bayan kaka, an ɗaure hatsi, an sayar da wake, kuɗi na hannu, ba a kama hanyar cin rani ba tukuna. Wanda ya fara magani a watan goma sha biyu zai gama kafin sharar gona. Waɗanda ya kamata su riga kowa zuwa su ne mai yawan yin ƙaho, wanda ya sha allurar bayan fage, wanda aka taɓa ƙara wa jini, wanzamai da ungozomomi su kansu, da wanda wani a gidansu ya rasu da kumburin ciki. Mai ciki ta faɗa wa likita tana da ciki kafin a rubuta mata komi.

Wanda aka samu da ita, ya taimaki hantarsa. Giya da burkutu wuta ce a kan miki. Jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ƴan tebur da ba a san ƙarfinsu ba, a bar su, don duk abin da aka haɗiye hanta ce ke dakonsa. Ga kuma wadda ta shafi aikina kai tsaye: gyaɗa da masara da su ka yi fumfuna suna da wani dafi mai lalata hanta, ya fi muni ga mai iri na B. A shanya amfani ya bushe ƙayau kafin a zuba a buhu, a ɗora buhu a kan itace, kada ya taɓa ƙasa. Ƙwayar da ta yi baƙi ko kore ko ta yi ɗaci a tsince a zubar, kada a ce a yi ƙuli da ita don kada a yi asara.

In an fara magani a sha shi kullum a lokaci ɗaya, kada a tsaya don an ji sauƙi, kada a raba da ɗan'uwa. Mako 12 bayan ƙwaya ta ƙarshe a koma a sake awo, shi ne zai tabbatar an warke, a ajiye takardar tare da katin likita. Wanda ya warke yana iya sake kamuwa in ya koma ga askar taro, don maganin ba rigakafi ba ne. Saboda haka ranar da ya dawo gida, rezarsa da ƙahonsa da abin yankan ƙumbarsa su shiga jakarsa shi kaɗai, matarsa ma a saya mata nata.